Ranar da Kurege Ya Shanye Rubutun Jari

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

Madalla. Amma kafin ta zo, bari in gaya muku, ba duka za ta iso ba. Wani ɗan yanki nata ya faɗi a hanya. A bakin wata tsohuwa na ji ta, Goggo Tabawa, a wani gari da na yada zango zamanin da nake yawon neman karatu. Ko Ƙaraye ne ko Gwarzo, na kasa rabewa, garin dai akwai wani babban rimi a bakin kasuwarsa. A cikin tatsuniyar akwai wata tambaya da Raƙuma ta yi wa Kurege. Amsar tana nan a kaina garau. Tambayar ce ta tsere mini. In mun iso wurin zan nuna muku ramin, sai mu tsallake a hankali.

Kurege dai kun san shi. Ɗan mitsitsi, ga wutsiya buzu-buzu, ga ciki wanda bai taɓa jin labarin ƙoshi ba. Ba ya noma, ba ya saƙa, ba ya dako. Iliminsa ɗaya ne, ya san inda rumbun kowa yake.

To, wata shekara da kaka sai Hajiya Raƙuma ta dawo daga fatauci. Ita ce uwar 'yan kasuwar dawa, ita ke ba da jari, ita ke raba gardama. Ta gina rumbu a bayan gidanta, ta cika shi da gyaɗa har wuya. Iska ta ɗebo ƙamshin, ta kai shi har ramin Kurege. Kurege ya miƙe, ya karkaɗe wutsiya.

Matarsa ta ce, “Maigida, ina zuwa da tsakar ranar nan?”

Ya ce, “Zan je in yi wa Hajiya sannu da hanya.”

Ta ce, “Ai ƙofar gidanta ta gabas take. Na ga ka nufi yamma.”

Ya ce, “Mai ladabi ba ya faɗa wa babba ta gaba.”

Ya je bayan rumbu, ya duba nan, ya duba can, ba kowa. Ya haƙa 'yar kafa daidai jikinsa, ya shige. Ya ɗauki gyaɗa ya ce, “Ɗaya tak, in ji ko ta bushe.” Ta bushe. Ya ɗauki wata ya ce, “Ɗaya tak, in ji ko 'yar'uwarta ma ta bushe.” Ita ma ta bushe. Haka ya yi ta bin dangin gyaɗar nan ɗaya bayan ɗaya, har rana ta karkata.

Da ya tashi fita, kai ya fita, ƙafafun gaba suka fita, ciki ya ce shi kam yana nan. Ya ja, ya ja, ina! Ya yi baya, baya ma ta ƙi. Yana nan rabi a waje rabi a ciki, sai ga Kura. Ita ce mai tsaron kasuwa, kuma dokar dawa a lokacin ita ce, duk ɓarawon da aka kama na Kura ne, ba a tambayarta yadda ta yi da shi.

Kura ta ce, “A'a, yau rumbu ya haihu.”

Ta kama shi a wuya ta fizgo, ɓut, kamar an cire toshiyar gora. Ta kai shi gaban Hajiya Raƙuma ta dire.

Raƙuma tana zaune tana tuƙa. Ta dube shi daga can sama, ta daɗe tana dubansa. Ta ce, “Kai kuma wane ne?”

Ya ce, “Ranki ya daɗe, Kurege ne, ɗan kasuwa.”

“Ɗan kasuwa a gindin rumbu?”

“Haja nake dubawa, Hajiya. Ta sama kowa ya iya gyara ta don idon mai saye. Ni ta ƙasa nake so in gani. Kuma albishirinki, gyaɗarki ba algus, sama da ƙasa duk ɗaya.”

“Na gode da shaida. Da me za ka saya?”

“Ai nan maganar take, ranki ya daɗe. Jari ne babu. Da ma roƙon jari ya kawo ni, na ce bari in fara da ganin kaya, kada in ɓata miki lokaci.”

Kura ta ce, “Hajiya, miyata tana kan wuta.”

Raƙuma ta ce, “Dakata.” Ta juya ga Kurege. “Na yi tafiya, na ga manyan garuruwa. A can ba a ba mutum jari don bakinsa yana da zaƙi. Rubutu yake kawowa. Kai ma ka kawo mini rubutu ranar da kasuwa za ta sake ci. In ya gamsar da ni, buhun gyaɗa guda naka ne, ka je ka juya. In ka zo hannu wofi, to kai ɓarawo ne, ka kuma san mai ɓarayi.”

Kura ta lashe baki ta ce, “Ni ba na gaggawa. Ya ma ƙara ƙiba. Kuma kada ka ce za ka gudu, ɗan ƙanena. Na san ƙofar raminka ta gaba, na san ta baya, na san wadda kake tsammanin ban sani ba.”

Kurege ya koma gida yana jan ciki. Ya gaya wa matarsa duk yadda aka yi, sai dai ya tsallake maganar kafar rumbu.

Ta ce, “Rubutun me take so?”

Ya ce, “Rubutu dai. Kin taɓa jin iri biyu ne? Malami ya rubuta a allo, a wanke, a sha. Na farin jinin kasuwa take nufi.”

Shi iyakar saninsa ke nan. Tun da aka haife shi bai taɓa ganin an yi wa rubutu komai ba in ban da sha.

Da safe ya tafi wurin Malama Beguwa. Gidanta yana ƙarƙashin wani dutse. Ita ba ta sayen alƙalami, in ɗaya ya dakushe sai ta miƙa hannu baya ta zaro wani daga cikin ƙayoyin jikinta. Ya gaishe ta, ya faɗi abin da ya kawo shi.

Malama ta ce, “Na san abin da Hajiya take nufi. Tsarin sana'a take so a rubuce. Zauna.” Ta jawo allo, ta jawo tawada, ta zaro alƙalami. “Me za ka sayar?”

Ya ce, “Komai.”

“Wa zai saya?”

“Kowa.”

“Riba fa?”

“Mai yawa. Rubuta, Malama, ki ƙara da cewa mai yawan gaske.”

Malama ta mayar da alƙalami bayanta. Ta ce, “Ɗan nan, dubi allona. Ƙarami ne. Komai ba zai shiga ba, balle kowa. Tashi ka shiga gari. Ka ga abin da ake sayarwa, ka ga mai sayarwa. Ka tambayi mutane abin da suke nema su rasa. Abin da ƙafarka ta taka, kunnenka ya ji, shi zan rubuta. Alƙalamina ba ya cin ƙarya, karyewa yake yi, kuma daga jikina yake fita, ni ke jin zafin.”

Kurege ya fito yana gunaguni. Amma da ya yi 'yar tafiya sai ya tuna wani abu, duk gidan da baƙo ya shiga ana ba shi abin taɓawa. Nan take gunaguni ya ƙare.

Ya fara da bakin kasuwa. Can ya tarar da Biri da tiren soyayyar gyaɗa. Kusa da shi ƙanen Biri da tiren soyayyar gyaɗa. Gaba kaɗan surukin Biri, da ɗan'uwan surukin, kowa da tire, kowa na kiran mai saye, mai saye kuwa babu.

Kurege ya ce, “Sannu da ciniki, Yaya Biri. Ɗaya tak, in ji gishiri.”

Biri ya ce, “Wane ciniki? Tun safe ba wanda ya taya. Mu ne masu sayarwa, mu ne masu ci.”

Kurege ya ji gishirin Biri, ya ji na ƙanen, ya ji na surukin. Ya ce a ransa, soyayyar gyaɗa kam ta yi masu ita.

Ya wuce gidan Kunkuru. Ya tarar da tsohon yana cin kwaɗon zogale, yana ci yana tsaki.

“Baba, lafiya kake tsaki?”

“Ina lafiya? Kwaɗo ba ƙuli, ai ganye ne kawai. Birai sun cika kasuwa da gyaɗa, ni da ba haƙori ko ɗaya me zan yi da ita? A samo mini garin ƙuli-ƙuli mai laushi, ko nawa ne in saya. Ba ni kaɗai ba, duk tsofaffin unguwar nan haka.”

Kurege ya ce, “Loma ɗaya tak, Baba, in ji yadda rashin ƙulin yake.” Ya ji, ya sake ji, har ƙasan akushi ya bayyana.

Daga nan sai wurin Zabuwa mai ƙosai. Ya same ta tana kankare kasko tana faɗa ita kaɗai.

“Inna, da wa kike?”

“Da mai nake! Man gyaɗa sai na tashi takanas na tsallake kogi kafin in samu. In ɗauko kwalba ina tafe ina tuntuɓe, kafin in iso rabi ya zube. Dubi jikina, duk ɗigon mai ne ya yi mini wannan zane.”

“Da za a kawo miki har bakin kasko fa?”

“Da na yi wa mai kawowa guɗa.”

Ya ɗauki ƙosai ɗaya tak, don ya ji man hayin kogi.

Duk yawon nan Kura tana biye da shi, ba ta kusa ba ta nesa, kada abincinta ya ɓata. Da yamma ta gaji, ta zauna a gindin kuka ta yi hamma.

Kurege ya ce, “Yaya Kura, ke ma in tambaye ki mana. Me kike nema ki rasa a kasuwar nan?”

Ta ce, “Kai.”

“Ban da ni.”

Ta ce, “Ƙuli. Rabona da tsire mai ƙuli har na manta. Abin da ke damuna ke nan tun jiya. Ranar kasuwa in na tsire ka, me zan barbaɗa?”

Gaban Kurege ya faɗi, amma kunnensa bai faɗi ba. Ya ce a ransa, ashe har Kura mai saye ce.

Ya isa gida ya zube. Ya ce wa matarsa, “Gari duk mai da ƙuli yake nema. Saura wanda ya iya yi.”

Matar ta ajiye tsintsiya. Ta ce, “Maigida, sana'ar uwata mece ce?”

“Wace uwar?”

“Wadda ka ci ƙulinta har ka aure ni. Tun ina yarinya nake soya gyaɗa, in murje, in sheƙe, in daka, in juya da ruwan zafi har mai ya taso. Tunkuzar da ta rage a mulmula a soya a cikin man, ga ƙuli. Sau nawa ina gaya maka?”

“Kin taɓa faɗa?”

“Kullum. Sai dai kai in bakinka ya cika, kunnenka toshewa yake yi.”

Ku riƙe wannan magana tata, za ta yi mana amfani nan gaba.

Ana gobe kasuwa ya koma wurin Malama Beguwa. Wannan karon da ta ce me za ka sayar, bai ce komai ba, bai ce kowa ba. Ya ce mai da ƙuli. Ya faɗi Zabuwa, ya faɗi Kunkuru da tsofaffin unguwa, ya faɗi Birai da tirensu, ya faɗi hannun matarsa. Malama tana rubutawa tana gyaɗa kai. Fuskar allo ta cika, ta juya baya, baya ma ya cika. Alƙalami ko ɗaya bai karye ba.

Akwai wata 'yar ƙwarya ta aya kusa da ita. Kurege ya ce, “Ɗaya tak, Malama.” Ya cika kumatu biyu.

Malama ta miƙa masa allo ta ce, “Ka kai mata haka yadda yake. Wannan na karantawa ne, ba na sha ba ne.”

Daidai lokacin aya tana ƙara a bakinsa, ƙurus, ƙurus, ƙurus. Abin da ya shiga kunnensa kawai shi ne, “Ka kai mata,” da kuma, “sha.”

Ya ce, “To, Malama. Allah ya saka.”

Da gari ya waye matarsa ta fito ta gan shi tsugune da allo da ƙwarya da ruwa.

Ta ce, “Malama ce ta ce ka wanke?”

Ya ce, “Sai an ce? Wa ya taɓa kai wa babba rubutu a bushe? So kike Hajiya ta tauna katako?”

Ya wanke fuska, ya wanke baya, allo ya fito fes. Ya ɗanɗana ruwan da yatsa, ya yamutsa fuska. Ya ce, “Da ɗan bauri. Hajiya ba za ta gamsu da bauri ba.” Ya shiga ɗaka ya ɗauko zumar da matar ta ɓoye don baƙi, ya tuttule a ciki, ya motsa. Ya saɓa allo a kafaɗa, ya ɗauki ƙwarya, ya kama hanya. Matar ta yafa gyale ta bi shi daga nesa, tana salati.

Rana ta yi zafi. Ƙamshin zuma yana tasowa yana shiga hancinsa. Ya tsaya a gindin marke ya ce, “Kurɓi ɗaya tak, in ji ko zumar ta ji.” Ta ji. Ya yi gaba, ya tsaya a gindin kanya ya ce, “Kurɓi ɗaya tak, in ji ko ta kwanta a ƙasa.” Ba ta kwanta ba. Ya tsaya a gindin tsamiya don kada ƙwarya ta yi nauyi ta zube. Ya tsaya a inda babu itace ma sam. Da ya hango rumfunan kasuwa ya leƙa ƙwarya, sai ya ga fuskarsa a ƙasanta, tana sheƙi.

Kasuwa ta cika maƙil, don labari ya zaga. Hajiya Raƙuma tana zaune a tsakiya, buhun gyaɗa a gefenta na dama, Kura a gefenta na hagu da tsinken tsire, ta fere shi tsaf. Malama Beguwa ma ta zo ta ga yadda rubutunta zai karɓu.

Raƙuma ta ce, “Miƙo allon in karanta.”

In karanta. Sai yanzu kalmar ta shiga kunnen Kurege, da yake bakinsa ba komai. Ya miƙa allo. Raƙuma ta duba fuska, fari. Ta juya baya, fari.

Malama Beguwa ta ce, “Innalillahi! Wanke shi ka yi?” Duk alƙalumanta suka miƙe tsaye.

Raƙuma ta ce, “Ina rubutun?”

Kurege ya dubi allo, ya dubi ƙwarya, ya dubi tsinken Kura. Ya dafa ciki ya ce, “Yana nan, ranki ya daɗe.”

Kura ta yi tsalle ta ce, “Shi ke nan, abu ya zo da sauƙi! A farke cikin, Hajiya ta karanta, ni in ɗauki saura.”

Kurege ya ce, “Sannu, Yaya Kura, wa ya taɓa karanta ruwa? In kin farke, baƙaƙen zubewa za su yi a ƙasa, Hajiya ta yi asara. Ranki ya daɗe, da gangan na yi. Allo ana sace shi. Biri ya tsinta ya ga sirrina, gobe danginsa duk su koma ƙuli. Ruwan sama ya taɓa shi ya goge. Shi ya sa na adana shi inda ɓarawo ba ya shiga.”

Kura ta ce, “Ai ɓarawon ne rumbun.”

Kasuwa ta yi dariya. Kurege bai kula ba. Ya ce, “Ki yi tambaya kawai, Hajiya. Kowane layi zai taso ta bakina yadda Malama ta jera shi. In na kuskure ko ɗaya, ga Malama nan, ga tsinke nan.”

Raƙuma ta tuƙa, ta tuƙa. Ta ce, “Me za ka sayar?”

Kurege ya bugi ƙirji, ya yi gyatsa, gaaat. Ya ce, “Ga layin farko ya taso. Man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Gyaɗa ɗaya, haja biyu. Ɓawon ma ba zai tafi a banza ba, Akuya tana so.”

“Me ya hana ka soyayyar gyaɗa? Ta fi sauƙi.”

Gaaat. “Birai sun cika bakin kasuwa da ita, su ke sayarwa su ke ci. In na shiga cikinsu, sai dai in taya su ci.”

Biri ya ce daga can baya, “Wallahi gaskiya ne.”

“Wa zai sayi naka?”

Gaaat. “Inna Zabuwa, mai, kullum da safe, har bakin kasko. Baba Kunkuru da tsofaffin unguwa, garin ƙuli mai laushi. Da kuma Yaya Kura, ƙulin tsire, in dai ba ni ne tsiren ba.”

Zabuwa ta rangaɗa guɗa tun ba a kawo man ba. Kunkuru ya ɗaga kai ya ce a rubuta shi a na farko. Malama Beguwa tana bi da yatsa a iska, tana cewa, “Haka yake. Haka na rubuta. Har inda na ɗiga tawada.” Alƙalumanta suka fara kwanciya.

Raƙuma ta ce, “To, ga wadda na san ba ta cikin allo. In damina ta yi nisa, gyaɗa ta yi tsada, me za ka matse?”

Kurege ya yi gyatsar ƙarya don ya sami lokaci. Ya ce, “Wannan a gefen allo take, Malama ba ta lura ba. Da kaka, tana araha, zan saya in binne. Binne gyaɗa kuwa, ranki ya daɗe, gadon gidanmu ne. Kakana ya binne wadda har yau ba a gano ba.”

Mutanen kasuwa suka fara raɗa. Wannan ya ce, “Kai, rubutun nan ya kama shi.” Wancan ya ce, “Jiya-jiya fa ko lissafin 'ya'yansa bai iya ba.” Ba wanda ya tuna sun gan shi yana bin gida-gida yana sha musu kai da tambaya.

To, ga ramin da na gaya muku. A nan Raƙuma ta sunkuyo da dogon wuyanta har hancinta ya kusa taɓa nasa, ta yi masa tambaya ta ƙarshe. Na san gajeriya ce. Na san da ta yi ta kasuwa ta yi tsit. Amma kalmominta sun tafi. Mu tsallake.

Abin da na riƙe shi ne, wannan karon Kurege bai yi gyatsa ba. Ya dubi cikinsa. Ya dubi ƙwaryar da ya lashe. Ya waiwaya can wajen rumbu, inda aka toshe kafar da ya haƙa. Kura ta ɗaga tsinke. Sai ya juya, ya nuna matarsa da ke tsaye a bayan taro, ya ce, “Ga ta can, ranki ya daɗe. Ni ko kusa kada a bar ni in je.”

Kasuwa ta ɓarke. Raƙuma ta yi dariya har ta kwanta a gefe ɗaya, kumfa na zuba. Da ta farfaɗo ta ce, “Wannan ita nake jira. Sauran duk mai wayo zai iya. A ɗauki buhu a kai gidan Kurege, a sauke a gaban uwargida.”

Aka ɗaga Kurege sama. Zabuwa na guɗa, Birai na kiɗa da tire, wutsiyarsa ta buɗe kamar laima. Yana sama yana ɗaga wa Kura hannu.

Kura kuwa ta yar da tsinke. Ga yunwa, ga kunya. Ta ce, “Ashe sha kawai ake yi a zama ɗan kasuwa? Ni ma a ba ni jari. Ina sauran rubutun?”

Kurege ya ce, “A sauke ni.” Aka sauke shi. Ya ce, “Ya ƙare, Yaya, amma albarkarsa tana jikin allo. Ki lasa da kyau, har gefe-gefe.”

Kura ta rungumi allo ta yi ta lasa, ta lashi fuska, ta lashi baya, har sartse ya shige mata harshe. Ta miƙe ta bugi ƙirji, ta yi wata gyatsa da ta kori tsuntsaye daga kan rimi. Ta ce, “Tambaye ni, Hajiya.”

Raƙuma ta ce, “Me za ki sayar?”

“Nama.”

“Naman wa?”

“Na wanda ya zo saye.”

Kafin ta rufe baki kasuwa ta watse. Kunkuru ma ranar an ga gudunsa.

Sana'a kuwa ta kama. Uwargida tana suya tana matsa, Kurege yana talla, don baki kam Allah ya ba shi. Zabuwa ta daina tsallake kogi. Tsofaffin unguwa suka yi kumatu. Kura da kanta takan zo da yamma, ta tsaya nesa kaɗan, ta ce a auna mata ƙuli, Kurege ya auna ya ƙara mata gyara, ya ce, “Na zumunci, Yaya.” Malama Beguwa ta sake rubuta tsarin a sabon allo, ta sa aka rataye shi can saman rumfa inda harshe ba ya kaiwa. Duk kaka sai a sauko da shi, a goge abin da ya canza, a rubuta sabo. Ruwan wankin kuwa uwargida ke zubarwa da hannunta.

Ƙurunƙus, kan ɓawon gyaɗa. Wanda zai fara sana'a ya rubuta tsarinsa. In ya rubuta kada ya wanke. In ya wanke kada ya sa zuma. In kuwa har ya sa zuma, to Allah ya sa ya riga ya zaga gari da ƙafarsa.

Haka na ba da ita ga yaran gidan da na sauka, da raminta a tsakiya, haka kuma na rubuta ta. Bayan damina tafiya ta bi da ni ta Gwarzo, na tsaya na yi tambaya. Garin shi ne, sai dai itacen da nake cewa rimi ashe kuka ce. Goggo Tabawa ta daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙanta. Na sami jikarta Hansai, ita ma yanzu da furfura, ta ba ni ruwa, na karanta mata abin da na rubuta. Da na iso ramin na yi shiru, ita kuwa ba ta ko tsaya tunani ba. Ta ce abin da Raƙuma ta tambaya shi ne, “In na ba ka buhun nan, wa zai tsare shi daga bakinka?”